Ƙullin Ranar Asabar

Nuriyya ba ta iya ɗaurin wasa ba. Tun a Kano Umma ta koya mata: in za ki kai wa mutum abu, ki ƙulle ƙyallen sau biyu, ki ja tam, don ɗauri sako-sako raini ne. Da wannan tarbiyya ta zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku.

A benen da take haya a unguwar Cheras akwai wata tsohuwar Baturiya, Madam Rivka, wadda ta yi jinyarta lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da ita. Da saƙon gida ya iso, Nuriyya ta cika kwano da dabino da aya, ta ɗaure a ƙyallen Umma, ta kai mata da safiyar Asabar.

Tsohuwar ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi ta godiya, ta ajiye a tebur. Da la'asar Nuriyya ta koma karɓar kwanonta, ta tarar ko ƙullin ba a taɓa ba. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. A gida, kwanon da aka ƙi buɗewa ma'anarsa ɗaya ce.

"In ƙyamar abin hannuna kike, ki faɗa mini kawai," in ji ta.

Madam Rivka ta tura ƙofa ta rufe.

"Ni Bayahudiya ce. Ba kowa nake gaya wa ba a garin nan. Ranar Asabar ba ma ƙulla ƙulli mai ƙarfi, ba ma kwance shi, sai taurari sun fito. Ba zan yanka ƙyallen mahaifiyarki ba, kuma bai halatta in sa ki yi mini abin da aka hana ni ba. Tun safe nake kallon kwanon nan ina haɗiyar yawu."

Kalmar "Bayahudiya" ta yi wa Nuriyya nauyi, don ba a bakin maƙwabciya ta saba jin ta ba. Ta juya ta fita. Duk makon tana tuna hannun da ya riƙa ɗora mata tsumma mai sanyi a goshi.

Asabar ta zagayo, Nuriyya ta ƙwanƙwasa ƙofar da wani kwanon. Zarge kawai ta yi, bakin ƙyallen guda na reto, irin ɗaurin da Umma za ta dungure mata kai a kansa. Madam Rivka ta ja da yatsu biyu, ƙyallen ya warware. Nuriyya ta zauna, ba ta tashi ba sai da ta ga dabinon ya shiga bakin tsohuwar.