Ɗaki Mai Ƙararrawa

Ɗaki na shida ke nan da Ratih za ta duba tun da ta sauka birnin Taichung ranar Talata, yau kuwa Juma'a. Makarantar koyon Sinanci da ta ɗauke ta ta ce ɗakunan ɗalibai sun cika, kowa ya nemi nasa a gari. Matar ofis ta ƙara da cewa in ba ta kawo takardar haya mai adireshi kafin ƙarfe biyar na yau ba, babu rajista, ga mutane nan a layi suna jiran gurbin. Ta faɗa da irin murmushin nan na mutanen ofis, wanda ba ya ƙara maka ko minti ɗaya.

Cikin ɗakuna biyar na baya, biyu ba taga, ɗaya sai warin danshi. Sauran biyun kuwa, masu gidan na ganin ɗankwalinta da fasfon Indonesiya sai suka tuna ai wani ya riga ta.

Liao dai, mai wannan gida na shida, ba haka ya yi ba. Tana ce masa a waya daga Indonesiya take, sai muryarsa ta sake. Da kansa ya zo a babur ya ɗauke ta, akwatinta tsakanin ƙafafunsa.

"Shiga ki gani, 'yata," in ji shi, bayan sun hau hawa na uku yana haki. "Ga taga, ga tebur, ga na'urar sanyi. Daga nan zuwa makarantarku ko kunkuru minti goma zai yi."

Ɗakin ya yi. Har ma ya fi ƙarfin kuɗin da ya yanka masa, abin da ya hana ta sakin jiki ke nan. Ta duba waya, ƙarfe uku da rabi. Sai idonta ya kai kan wani ɗan farin akwati a saman kan gado, da siririyar igiyar lantarki da ta bi bango ta fita ta ƙarƙashin ƙofa.

"Kawu, wannan fa?"

"A'a, ba komai ba ne. Zo mu sauka ki gai da Ama."

Igiyar ta raka su matakala bayan matakala har ƙasa, ta ƙare a hannun wata tsohuwa da ke kwance kan gadon ƙarfe a falo. Mahaifiyar Liao ce, Ama kuwa haka ake kiran kaka a nan. Gefenta ga keken guragu, ga kwalin magani mai gida bakwai, ga fo an rufe da tawul.

Ratih ta ƙura wa kayan ido. Ta san kayan nan tun tana ƙarama, a hotunan da mahaifiyarta ke aiko musu. Shekara tara matar ta yi a wannan ƙasa tana jinyar iyayen wasu, da guminta aka yi wa Ratih karatu. Ɗan Sinancin da Ratih ke ji ma a bakinta ta tsinta, shi ya sa ta iya "sha magani" da "juya a hankali" tun kafin ta iya tambayar hanya. Ranar da za ta baro garinsu Indramayu uwar ta riƙe mata wuyan hannu har ya yi zafi, ta ce, "Ni da hannu na je, ke da kai za ki je. Kada ki ɗauki fon kowa."

"Wadda ke kula da ita ta koma gida wata biyu ke nan," in ji Liao, yana shimfiɗa takardar haya a kan tebur. "'Yar ƙasarku ce, yarinyar kirki. Ni da rana ina nan. In dare ya yi ne kawai, in ta danna ƙararrawa, ki ɗan leƙo."

"Kawu, ni ɗaliba ce. Takarduna ba su ba ni izinin aiki ba. In aka ji, kora ta za a yi."

"Wane aiki kuma? Wa ya ce aiki?" Ya yi dariya. "Zaman gida ɗaya ne. In kakarki ta kira ki ba za ki amsa ba? Duba takardar, akwai inda aka rubuta aiki?"

Babu kuwa. Takarda tsaf, ga adireshi, ga jan hatiminsa ya riga ya buga. Abin da matar ofis ke jira ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ana haka tari ya sarƙe tsohuwar, ta zame daga kan matashi, fuskarta ta yi ja. Liao ya tsaya yana dabur-dabur. Kafin Ratih ta yi tunani hannunta ya riga ta: ta zura ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ta tallafo ƙeya da ɗayan, ta karkata ta gefe tana bubbuga mata baya, yadda mahaifiyarta ta koya mata a kan kakarsu. Tarin ya lafa. Tsohuwar ta kama mata yatsu da hannu mai sanyi ta ce, "Kin dawo?"

Tausayi ya kama Ratih, ya kuma ba ta haushi da ya kama ta.

"Kin gani ko!" Liao ya tafa hannu. "Wa ya koya miki? Ai ku a jininku yake!"

Shi har ga zuciyarsa yabo ya yi. Ya miƙo mata biro, ta karɓa. Huɗu da minti biyar.

"Bari in nuna wa mamata ɗakin," ta ce.

Ta hau sama da biron a hannu, ta kira gida. Fuskar uwar ta fito, tana zaune a ƙofar kicin tana ɓare tafarnuwa. Ratih ta juya wayar ta nuna mata taga, ta nuna tebur, ta nuna itacen da ke waje. Saman gadon ne kawai ba ta nuna ba. Ta riga ta lallashi kanta: wata uku ne, a yi rajista tukun, daga baya ta nemi wani.

"Kai, masha Allahu!" in ji uwar. "Har da tebur? Ni shekara tara a kan tabarma nake kwana gindin gadon mutane. Kama shi, 'yar nan, kada wani ya riga ki."

Sai ƙararrawar ta ɗauka. Ƙara ce siririya mai shiga kunne, sau biyu a jere.

A can Indramayu kwanon tafarnuwa ya kife. Uwar ta miƙe zumbur, ta ɗaga murya cikin Sinanci, "Ga ni nan, Ama! Ga ni nan zuwa!"

Shekararta huɗu da komawa gida.

Ta tsaya a tsakar gidanta tana waige-waige, sannan a hankali ta dawo da ido kan wayar. Ta gane irin ɗakin da ake shirin ba 'yarta. Ratih ba ta taɓa ganin kunya irin wannan a fuskar mahaifiyarta ba, ta kuwa ji ta har cikin ƙashinta.

"Zan sake kira, Mama."

Ta sauko, ta ajiye biron a kan takardar, ta gyara wa tsohuwar bargo, ta ja akwatinta.

"Ke, ina za ki? Biyar ta kusa fa!" in ji Liao. "Wa zai ba ki ɗaki yanzu?"

"Ban sani ba, Kawu."

Tana fita titi ta ji ƙararrawar ta sake ɗauka daga tagar hawa na uku. Ƙafarta ta tsaya da kanta. Ta ɗaga ta da ƙyar, ta buɗe waya ta nemo lambar ɗaki na bakwai.