Kwali Ɗaya, Mutum Goma Sha Biyu

Baba ya zo umara, ya sauka a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas a Madina, saura kwana uku a rufe kwantenar dabinona. Har lokacin ban gaya masa cewa ba ta tasharsu za ta bi ba.

Shekara talatin yana dako a tashar jiragen ruwa can gida, yanzu shi ne shugaban rukuninsu a ƙungiyar 'yan dako. Ni kuwa dabinon Khaibar nake turawa gabanin azumi, da takardun Walid, abokin maigidana mai gona. Da ribar nake so in sa 'yata Najwa a makaranta baɗi. Bara kayana sun yi kwana arba'in a rana a tashar su Baba. Dokar ƙungiya ta ce mutum goma sha biyu ne za su sauke abin da huɗu za su iya, in ɗaya bai zo ba a jira shi. A bakin ƙofa kuma 'yan daba sun ɗaura igiya, ba a kwance ta sai an sallame su. Kafin dabinon ya kai kasuwa ya yi tsami, awaki suka sha daɗi. Shi ya sa bana na shirya kwantenar ta bi ta tashar ƙasar maƙwabta.

"Ki rubuta sunana a jikin kwantenar," in ji Baba, yana tura wa Najwa dabino a baki. "Ba mai taɓa kayan 'yar Maigandi."

"Baba, cire mata ƙwallon tukuna, kada ta shaƙe."

"Ke ma da ƙwallon na ba ki, ga ki nan."

Na dai sa yatsa na zaro shi.

Ranar lodi ya ce sai ya raka mu sito. Mutum biyu muka tarar, da injin ɗaga kaya ɗaya. Baba ya waiga hagu da dama.

"Ina sauran? Sun tafi salla ne?"

Osman, ɗan Sudan mai tuƙa injin, ya yi dariya. "Ya Hajj, mu biyun ne, halas, shi ke nan."

Kafin la'asar an gama. Baba ya zauna kan wani kwali. Na durƙusa gabansa, Najwa a bayana, na faɗa masa gaskiya duka, har da awakin.

Ya daɗe yana shafa gemu.

"Zuliha, kin tuna Abdou, mai kawo miki rake?"

"Allah ya jiƙansa. Ai ya kai shekara shida da rasuwa."

"To har jiya sunansa yana takarda cikin mutanena goma sha biyu, ana amsa masa. Kullum yana aiki, kafaɗarsa ba ta taɓa ciwo ba." Ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. "Da jirage layi suke yi. Yanzu sai mu wuni muna dara a inuwar sito. In na ce a rage mutum, wa zan kalla in ce ya koma gida? In ba a rage ba kuma, dukanmu za mu koma."

Na riƙe hannunsa, duk ya yi kanta saboda dako.

"Tura ta can," ya ce. "Makarantar yarinyar nan ba za ta yi tsami a ƙofata ba. Amma in kin zo gida, kada ki yi zancen a gaban mutanena."

Ya miƙe ya kwance Najwa daga bayana, ya saɓa ta a kafaɗa. Na ce ya kula da ƙugunsa.

"Bar ni. Wannan kayan ni kaɗai zan ɗauka. Dokar ƙungiya ba ta iso Madina ba."