Ƙurar da Umma Ta Goge

Auta ta shigo falo da murna, ta ajiye wa Umma ɗan gilashi a kan tebur, ta koma mota ɗauko madubin ƙara girman abu.

A kan gilashin akwai ruwan tabarau da bai kai ƙwayar yashi ba, wanda hasken leza ya gina don siririyar kyamarar likitoci. Shekaru Auta ta yi tana fama da ƙera irinsa a ɗakin bincike, guda ɗaya kan cinye mata wuni. Yau injinta ya fara aiki a masana'anta.

Ta dawo ta tarar da Umma tana goge gilashin da bakin zane.

"Ke Auta, abu duk ƙura? Ga shi na gyara miki."

Auta ta dafe kai, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Umma, ai ƙurar ce aikin nawa! Da bara ne, da kin ga kuka. Yanzu kuwa kafin ki shanye shayinki injin ya zubo dubbai."

Umma ta ɗaga gilashin a haske. "Madalla. To gobe ki kawo min mai tsabta."