Awon Cikin Mama

Mama ce ta kira ni da safe, ta ce in zo da tef ɗin awo, kuma kar in gaya wa kowa. Ni ce babbar 'yarta, ni ce kuma duk gidan suke kira Masifatu tun ina ƙarama, saboda bakina ba ya iya shiru. Duk ranar da aka ce kar in gaya wa kowa, na san akwai abin da zai ɓata min rai.

Na same ta a ɗaki ta saki labule, sabuwar rigarta a shimfiɗe a kan gado. Ta ɗinka ta ne don ranar da Auta, ƙanenmu, zai karɓi takardar kammala jami'a a ƙarshen mako. Ta ce rigar ta ƙi wuce cikinta, tela ya cuce ta. Wata maƙwabciya ta ba ta labarin rigar robar nan da ake sawa a ƙarƙashin kaya don ta matse ciki, har da lambar mai shagon. Ita kuma mai shagon ta ce a auna wuri uku a tura mata: ƙarƙashin ƙirji, tsakiyar ciki da ƙugu.

Na fashe da dariya. Matar da ta sha tsine wa masu matse jiki, yau ita ke neman abin matsi. Na tambaye ta wa take shirin burgewa a wajen taron. Ko murmushi ba ta yi ba, ta ce in yi abin da ya kawo ni.

Na fara da ƙarƙashin ƙirji. Yatsuna suka ci karo da haƙarƙari, abin da ban taɓa ji a jikin Mama ba. Na sauka ƙugu, tef ya zagaya har ya yi saura mai yawa. Mamar da kujerar falo ke kuka in ta zauna, yau ƙugunta bai kai nawa ba.

Da na zo kan cikinta sai ta riƙe gefen doguwar rigarta, ta ce in auna ta sama. Na ce mai shago cewa ta yi a kan fata. Muka yi ta ja-in-ja har na ɗaga rigar da ƙarfi. Ashe tsohon ɗankwali ta ɗaure cikin da shi tamau, har ya yi mata shata. Da na kwance, cikin ya fito gaba, a kumbure, fatar tana sheƙi. Na zagaya tef, na tura wa mai shagon awon.

Ba a jima ba mai shagon ta kira, na sa wayar yadda Mama za ta ji. Ta ce lallai na yi kuskure, domin ƙirji da ƙugu sun faɗa a ƙaramar lamba, ciki kuma ya wuce babbar lambar da take da ita. Na ce ban yi kuskure ba. Sai ta ce, "'Yar uwa, ko mai juna biyu ce? In haka ne ba zan sayar mata ba, irin wannan awon a wajensu kaɗai nake ganinsa."

Na kashe wayar. Mama ta haura sittin, jikokinta sun fara makaranta.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ƙiba ce ta tsufa. Na ce wace irin ƙiba ce ke cinye ƙugu ta cika ciki? Ta ce in daina ɗaga mata murya a ɗakinta, ita ta haife ni ba ni na haife ta ba. Daga nan ta ɗora laifin a kaina, wai sakwa-sakwa na riƙe tef ɗin.

"Sake aunawa, ki ja shi da kyau."

"Mama, asibiti za mu."

"Na ce ki ja."

Haushi ya ɗebe ni, na zagaya tef ɗin na ja yadda take so. Wata 'yar ƙara ta ƙwace mata, ta dafe ƙarfen gado, ta sulale ta zauna, zufa ta karyo mata. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, na tsani hannuna a lokacin. A gefen dama, inda tef ya danna, na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin tafina.

Sai da numfashinta ya dawo ta yi magana, a hankali, idonta a kan rigar. Ta ce ta daɗe da sanin abin yana nan. Ta ce babanmu da ƙafarsa ya shiga asibiti, ba da ƙafarsa ya fito ba, kuma bai ga ko ɗayanmu ya gama karatu ba. Ita so take ta zauna a kujera ta ga Auta ya hau ya karɓi takardarsa, rigarta ta zauna mata, kar wanda ya kalle ta ya ce me ke damun uwarsa. Bayan nan duk inda nake so in kai ta.

Tausayinta ya kama ni har na kusa amincewa. Sai na sake kallon shatar ɗankwalin. Na ce robar nan ta fi hannuna ƙarfi, kuma wuni guda za ta yi a cikinta. In ta faɗi a tsakiyar taro, abin da Auta zai riƙa tunawa ke nan duk ranar da ya ɗauko takardar. Na ɗauki waya na nemo lambarsa, na ce ko ta tashi mu tafi yanzu, ko in kira shi ya zo ya ɗauke ta da kansa.

Ta ce tun ina goye ta san ni ce zan zame mata jarabawa. Sannan ta ce in ajiye wayar, in miƙo mata mayafi.

Har mun kai ƙofa ta tsaya. "Ɗauko rigar, ko za su sake ni kafin ranar."

Yanzu tana ciki wajen likita, an ce in jira a waje, an kuma ce in kira wani babba a gidan. Ban kira kowa ba tukuna, don ni ce babbar. Ina zaune a kan benci da rigar a cinyata da rezar da na saya a bakin ƙofa, ina farke ɗinkin gefe a hankali. Telan bai cuce ta ba, ya bar yadi da yawa a ciki, zai ishe ta ko da an naɗe mata cikin da bandeji.