Mai Yi wa Madina Hira

Zuwera ta shigo da ƙwaryar kunu, ta tarar ɗiyarta Madina ta riga ta, tana zaune a gefen tabarmar tsohuwar maƙwabciyarsu. Kwana tara ke nan Inna Ajuma ba ta tashi ba, amma bakinta bai huta ba.

"Wannan fa?" Inna ta ɗaga ludayi.

Yarinyar ta daɗe tana kallo. "Luda."

"Ludayi. Madalla, ƙawata." Sai tari ya sarƙe ta.

Shekarar Madina uku, kalmominta ba su kai goma ba, duk kuma a ɗakin nan ta tsince su. Bara an kai ta asibitin Gaya, ma'aikacin ya tafa hannu a bayanta, ta waiwaya, ya ce kunne lafiya lau. Ubanta Badaru kullum yana hanyar Dahome da kamiyon, babbar motar ɗaukar gujiya. Zuwera kuwa takan yi mata wanka, ta ciyar da ita, ta goya ta, duk a shiru. Inna ce ke zaunar da ita tana tsintar wake, ta gaya mata sunan komai, ta tambaye ta, ta jira amsa ko da ba za ta zo ba.

"Zauna, ɗiyata," in ji Inna da tarin ya lafa. "In na tafi, wa zai yi mata hira?"

"Haba Inna, za ki tashi."

"Ba zan tashi ba. Amsa mini."

Zuwera ta sunkuyar da kai. "Me zan ce mata? Ba ta ganewa."

"Tana ganewa sarai. Kan yaro yanzu yake ɗauka, kafin ya yi ƙwari. Ke ce kike tsoro. Na ga yadda kika riƙa yi wa ɗanki Sumana waƙa, da wanda ya bi shi. Tun da kika binne su kika rufe baki, wai kada ki saba da wannan."

Ba wanda ya taɓa faɗa mata haka. Ta ji haushi har wuya. Ta ajiye ƙwaryar, ta saɓi Madina, ta fita ba sallama.

Washegari ba ta leƙa ba. Rana ta biyu tana cikin daka da hantsi, ta ce a ranta in ta sauke tuwo za ta je ta ba da haƙuri, sai ta ji salati ta bayan danga. Kafin azahar an kai Inna Ajuma.

Kwana uku Madina na zuwa ƙofar ɗakin Inna, ta tsaya ta leƙa, ta dawo. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara faɗa ba. Zuwera ta miƙa mata ruwa, ta jira ta ce "uwa" yadda takan kira ruwan, yarinyar ta karɓa ta sha kawai.

Ran na huɗu Zuwera ta goya ta, ta ɗora kayan wanki, suka nufi bakin kogi. Sau biyu tana buɗe baki tana rufewa. Sai da suka wuce masu gyaran taru ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Madina. Ga jirgi can. Na masu kifi ne. Kin gan shi?"

Wata mata da ke wucewa ta dube ta. Zuwera ta rage tafiya, ta jira. Can ta ji ƙaramin kunne ya manne a tsakiyar bayanta.