Labbo da Jan Mai

Labbo fa ɗan goro ne gaba da baya, komai da launi yake zaɓa. Ranar da za su Djougou sunan jikarsa, rago a bayan mota, man birki ya yi ƙasa tun a Parakou. A wani shagon Banikanni ya ɗago kwalba ja wur.

"Wannan ya nuna!"

Matarsa Zainabu ta kama haɓa. "Alhaji, ba goro ba ne. Zuba wannan, sai Natitingou za mu tsaya, da mu da ragon! Duba murfin, me aka rubuta?"

A murfin birkin motar an rubuta DOT 4. Ya sayi irinsa, fari, yana gunaguni.

Mota ta tsaya cak a ƙofar gidan suna. Labbo ya gyara hula ya ce, "Dama farin goro ya fi daraja."