Ƙafar Yaya

Sufeto ya yi shekaru yana tare motocin kamfani a hanya yana duba tikitin fasinja, ya kama wannan, ya sauke wancan. Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai kama, shi ne ya kama gudu. Ya yi ta horo ba ji ba gani, ya shiga gudun fanfalakin da sa'o'insa ko kallonsa ba sa zuwa, ya kuma kai ƙarshe da ƙafafunsa. Ya ba da labarin har kunnuwa suka gaji. Da masu sauraro suka watse, sai ya koma zaman falo, yana koya wa matarsa yadda ake yanka albasa.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da yayansa, tsohon hedimastan makarantar unguwarsu. Likita ya ce ƙafar hagun za ta dawo in ana taka ta kullum, in kuwa aka bar ta za ta sandare har abada. Allah ya yafe wa Sufeto, amma da ya ji haka fuskarsa ta washe kamar an ba shi sabon ofis. 'Yar Yaya tana aiki a kantin magani, ba ta dawowa sai yamma, don haka ta damƙa masa mahaifinta tana ta godiya.

Yaya mutum ne mai kunya da son girma. Unguwar nan ba ta taɓa ganinsa da riga marar guga ba. Burinsa bai wuce ya warke a ɓoye, wata rana ya fito da ƙafarsa kamar babu abin da ya faru.

Sufeto kuwa darasi ɗaya ya kwaso daga gudu: jiki maƙaryaci ne. In ya ce ya gaji, ƙarya yake. In ya ce zai faɗi, ƙarya yake. Da wannan ilimi ya ɗauke kujerar da ke bakin ɗakin Yaya, ya jefa sandarsa saman kwaba. Abin haushi, ƙafar ta fara motsi, sai kansa ya ƙara girma. Ya ce tsakar gida ta yi musu kaɗan, titi za su fita. Yaya ya roƙe shi a bari sai rana ta yi, mutane sun ragu. Sufeto ya ce ba a horo da rana.

Suka fito da safe, lokacin da iyaye ke kai yara makaranta. Yaya yana jan ƙafa cikin farin wando, ana ta gaishe shi da Malam, yana amsawa da rabin baki. Daidai shagon mai aski, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya damƙe hannun ƙaninsa.

"Auta, mu koma gida," ya ce ƙasa-ƙasa. "Fitsari ya matse ni."

"Ni ma haka na ji a tsakiyar gudu, Yaya. Ƙarya jiki yake. Sai mun taɓa turken fitilar can."

Ba ƙarya yake ba. Kafin su kai turken, wandon ya jiƙe har takalmi. Mai aski ya sunkuyar da kai, wata mata ta ja ɗanta ta tsallaka titi. Sufeto ya ga abin da ya faru, ya ji ba daɗi, amma saura taku kaɗan, kuma shi ba ya barin abu a rabi. Sai da ya ɗora hannun yayansa a jikin turken sannan suka juya.

Daga ranar Yaya bai sake saka ƙafarsa a ƙasa ba. Ya juya wa bango fuska. Sufeto ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaya wa duk mai zuwa dubiya cewa Yaya ba shi da zuciya. Ƙafar ta sandare yadda likita ya ce, bakin ma ya ƙara nauyi. 'Yarsa ta yi kukanta ta gaji, ta kawo kujera mai taya, don a riƙa kai shi banɗaki da bakin taga.

Sufeto ya zagaya kujerar, ya danna tayar da babban yatsa, ya tura ta daga wannan bango zuwa wancan. Ba nauyi ko kaɗan. Washegari ya zo da takalmin gudunsa da wata ɗamara.

"Kar ka bi da ni ta can," Yaya ya ce da ƙyar, yana kallon hannun da ke ɗaure shi.

Sufeto ya ce iska magani ce.

Yanzu kullum safe za ka gan su a titin nan, ƙane yana gudu yana tura kujera, yaya a ɗaure idonsa a rufe. Mutane suna tafi, suna cewa zumunci ke nan, Allah ya ba mu irinsa. Sufeto ya yi ƙiba a fuska, yana barci da kyau, ya daina shiga harkar albasa. Daidai shagon mai aski yakan rage gudu, don jama'a su samu su gaisa da Malam.